Wasiƙar Ƙarƙashin Sirdi

Bokitin ne ya fara faɗuwa, sannan mutumin ya bi shi. Tela yana zaune a shagonsa da allura a baki ya ji ƙarar, ya ɗaga kai ya ga ruwa yana gangarowa daga ƙofar gidan da ke kallon nasa, furanni ja da fari suna bin ruwan zuwa kwata. Mai Fure yana kwance a gefen kekensa, ƙafa ɗaya har yanzu tana kan feda.

Tela ya tsallaka titi da tef ɗin awo a wuya. Auta, 'yar Mai Fure da ta dawo gida da zama tun rasuwar mahaifiyarta, ta fito da almakashi a hannu ta tsaya tana kallo, ta rasa abin da za ta fara taɓawa.

"Kama ƙafafun," in ji Tela.

Suka ɗauke shi zuwa ɗaki. Abin da ya ba Tela mamaki shi ne rashin nauyinsa. Shekara talatin suna maƙwabtaka, kullum yana yi masa kallon ƙaƙƙarfa, ashe riga ce kawai ta rage, ita ma shi ya ɗinka ta. Suna kwantar da shi ya buɗe ido.

"Ku tsince furannin kafin mota ta taka su," ya ce. "Na ɗakin haihuwa ne."

Likita ya zo da rana, ya daɗe yana sauraren ƙirjin, sannan ya ja Auta da Tela zuwa baranda. Ya ce zuciya ce ta gaji, kuma kai shi asibiti wahalar hanya kawai zai ƙara masa. A ba shi abin da yake so, a kira ɗansa da ke birni ya fara shiri. Auta ta ce to. Ta koma lambun bayan gida ta ci gaba da yankan furen da ta bari, don ba ta san wani abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Duk garin an san Mai Fure, kuma an san kekensa fiye da shi. Lokacin yaƙi, yana saurayi ɗan shekara ashirin, shi ne masinjan gidan waya. Wasiƙun sojoji ta hannunsa suke shigowa, haka ma ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da hukuma ke aikowa idan mutum ya kwanta dama a fagen daga. Masinjojin zamanin suna da ƙa'ida. Idan wasiƙar lafiya ce, a kan keke za ka shigo layi kana buga ƙararrawa. Idan mai ruwan ƙasa ce, ka sauka tun daga bakin layi, ka turo keken shiru, don mutanen gida su sami 'yan daƙiƙun da za su zauna. Tela yana ɗan shekara takwas a lokacin, amma bai manta yadda mata ke sakin tsintsiya idan suka ji ƙis-ƙis ɗin keken da ake turawa ba.

Yaƙi ya ƙare, masinja ya bar gidan waya ya kama kai wa mutane fure: gidan da aka haihu, ɗakin marar lafiya, matar da miji ya ɓata wa rai ya rasa bakin ba da haƙuri. Amma ƙa'idar bai bar ta ba. Furen murna a kan keke yake zuwa da ƙararrawa, furen ta'aziyya a ture. Har yara da ba su san an taɓa yaƙi ba sun san wannan.

Ranar Laraba da hantsi Auta ta leƙo shago. "Kawu, Baba yana kira."

Ɗakin yana warin magani da danshin ganye. An jingina Mai Fure da matasai biyu, an buɗe taga don ya riƙa ganin lambunsa.

"Sarkin Allura, tura ƙofar nan."

"Masinja, kai da aka ce ka huta, surutun me kuma?"

"Hutu yana tafe, mai yawa. Je wurin keke. Akwai 'yar jakar fata a ƙarƙashin sirdi, inda ake sa sifana. Kwanto ta."

Tela ya kwanto. Babu sifana a ciki. Wani abu ne a naɗe cikin leda, ledar a cikin wata ledar. Da ya warware sai ga ambulan mai ruwan ƙasa, gefunanta sun yi laushi kamar tsumma, hatimin hukuma ya koɗe amma yana nan. Ba a taɓa buɗe ta ba. Ya karanta adireshin: gida na ƙarshe a layin da ke bayan titin jirgi.

"Wannan ai gidan Matar Soja ne."

"Shi ne."

Matar Soja tsohuwa ce da mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba a kuma taɓa jin an ce ya mutu ba. Duk Alhamis da ƙarfe goma Mai Fure yana kai mata jan wardi guda ɗaya, a kan keke, da ƙararrawa. Masu tsegumi sun yi har sun gaji, wasunsu ma sun mutu sun bar zancen.

"Shekara hamsin da biyu ke nan," in ji Mai Fure. Yana magana yana hutawa. "Na iso bakin layin, na ja birki, na sauke ƙafa ɗaya. Sai na hango ta a bakin ƙofa, ciki ya kai nan, haihuwa yau ko gobe. Ka san yadda suke kallonmu a lokacin. Ba fuska suke kallo ba, ƙafa suke kallo. Kawai sai na ga ƙafata ta koma kan feda, babban yatsa ya buga ƙararrawa. Ni ban sa su ba."

Tela ya zauna a bakin gado.

"Na iso, ta miƙo hannu. Me zan ba ta? Wasiƙarta ɗaya ce a jakata, ga ta nan a hannunka. To akwai wardi da na tsinko a bayan ɗakin mahaifiyata na soke a kan keke, ado irin na samari. Na zare na ba ta. Na ce mijinta ne ya aiko da saƙon baki, inda suke an hana rubutu, ya ce a riƙa kawo mata fure duk Alhamis ta san yana nan."

"Ta yarda?"

"Ta karɓa. Na ce in ta haihu zan kai mata. Ta haihu, na ce bari jaririyar ta yi ƙwari. Ta yi ƙwari, na ce bari a yaye ta. Kafin nan maƙwabta sun ga furen, kowa yana cewa ni ma kai wa wance. Ka ga inda sana'ar ta samo asali. Duk lambun nan da kake gani, daga tsoro ya tsiro."

Tela ya juya ambulan ɗin, ya sake juya ta. "To yanzu me kake so?"

"Gobe Alhamis. Ka kai mata, da furen. Ka ce ni na riƙe. Abin da ta ce kuma ka kawo mini yadda ta faɗa, ko zagi ne, kada ka yi masa kalmasa. Ina so in ji da kunnena kafin a rufe su."

"Masinja, matar nan ta tsufa, ido ya tafi. Shekara hamsin an zauna lafiya. A bar kaza cikin gashinta mana."

"Ni ne kazar, kuma an kusa fige ni."

"To ga Auta. Ga ɗanka a birni, in an kira shi zai zo. Me ya sa sai ni?"

Mai Fure ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi idan ya ci Tela a musu. "Auta ta iya keke. Ɗana ya iya. Duk garin nan kai kaɗai na sani ka kai sittin ba ka iya ba. Shekara arba'in kana taka feda a shago ba ka taɓa zuwa ko'ina ba. Kai ko ka ji tsoro ba yadda za ka hau. Dole a ture za ka shiga."

Tela ya so ya ji haushi, haushin bai zo ba. Ya ce to, kuma alkawari kaya ne.

Washegari Auta ta yanko wardin, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙiyar takarda, ta soke a kwandon gaba. Ba ta san da ambulan ba, tana aljihun Tela. Ya kama ƙahon keken ya fita yana turawa, feda tana dukan ƙwaurinsa duk taku uku.

Bai yi nisa ba ya ga abin da bai yi tunani ba. Mai faci ya ajiye famfo ya miƙe. Wata mata da ke shanya a sama ta tsaya da rigar yaro a hannu. Mai kantin kwana ya fito har bakin titi.

"Tela, gidan wa?"

"Ba gidan kowa. Ban iya hawa ba ne."

"To ka riƙa bugawa mana, ka tsinka mana hanji."

Sai da ya maimaita wannan amsa sau biyar kafin ya kai titin jirgi. Ya ɗaga keken ya tsallaka da shi, ya tsaya a bakin layin yana haki. Layin gajere ne, gidaje bakwai ko takwas, kwata a tsakiya. Can ƙarshe ga ta zaune a kan benci a bakin ƙofa, 'yar ƙarama, da mayafi a kafaɗa. A gefenta kwalba ce da aka wanke aka cika da ruwa. Ta karkata kai gefe ɗaya, kunne yana wajen titi.

Tela ya fara turawa. Ƙis, ƙis, ƙis. Ya ga ta ɗaga kai. Ya ga hannunta ya lalubo bakin bencin ya riƙe. Saura gida uku, sai ya ji ƙararrawa ta cika layin, ƙarara, har sau biyu. Ya duba, babban yatsansa ne a kanta.

Hannunta ya saki bencin.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Wannan ba muryarsa ba ce. Kuma da ƙafa ka zo."

"Tela ne, maƙwabcinsa. Ban iya keke ba."

"Ina shi?"

"Ƙafa ce ta ɗan matsa masa. Ya ce a kawo kada ki jira."

Ta karɓi furen, ta bi karan da yatsa tana kauce wa ƙaya kamar mai gani, ta cire takardar ta tsoma shi a kwalba. "Bai taɓa fashi ba, ko ranar da ruwa ya cinye gada. Akwai wani saƙon?"

Ambulan ɗin tana nan a ƙirjinsa, yana jin gefenta ta cikin riga. "Babu, Inna."

"To ka gaishe shi. Ka ce ya riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi."

A hanyar dawowa ya riƙa buga ƙararrawa don kada a sake tsayar da shi. Ya jingina keken a baranda, ya daɗe yana gyara masa tsayuwa, sannan ya shiga. Mai Fure ya juyo da kai tun kafin ya zauna.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka. Ka riƙa gasa ƙafa."

"Ka ba ta?"

"Na ba ta furen."

Mai Fure ya dube shi. Ya dubi aljihun. "Ka buga."

"Yatsan ne."

Dariya ta kama Mai Fure, ta juye ta zama tari, sai da Auta ta shigo da ruwa. Da ta fita ya share ido da bayan hannu. "Ka ga yadda take, ko? Ni da na ɗauka na yi dabara. Ashe ba a ƙafa abin yake ba."

"Gobe zan koma."

"To."

Gobe ta yi, aka kawo masa kayan makaranta na yara goma sha biyu, ana so kafin Litinin. Asabar aka wuni ana ruwa, kuma wa zai shiga layin nan da taɓo. Lahadi ya ce a ransa ai tsohuwar Alhamis kawai take zama a waje, zuwa wata rana zai tsorata ta a banza. Tela mutum ne da bai taɓa ɓata wa mai kaya rana ba, in ya ce Talata to Talata ce, amma sai ga shi ya iya ƙera dalili kamar wanda ya gada. Kullum da yamma yana tsallakawa ya zauna a bakin gadon. Ranar farko Mai Fure ya tambaya. Rana ta biyu ya dubi aljihun kawai. Daga Litinin magana ta fara yi masa wuya, ya koma kallon taga.

Ranar Laraba Tela ya ɗauki ƙyallen bargo mai kauri cikin ragowar yadi, ya auna ƙararrawar da tef, ya ɗinka mata 'yar hula da zariya. Ya ɗaura, ya danna da ƙarfi. Ba ta ce komai ba sai wani ɗan ƙut. Ya kwance ya kai wa Mai Fure, ya sa masa a tafin hannu.

"Ka gani? Gobe ko yatsan ya so, bakinta a ɗaure yake. Ƙarfe goma ina can, sha ɗaya ina nan da amsarka."

Mai Fure ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa. Leɓunansa suka motsa. Tela ya sunkuya.

"Ɗinkin ya karkace."

"Kai dai ka kwana lafiya, gobe ka yi mini gori."

Da safe, bakwai da rabi, yana buɗe ƙyauren shago ya ga Auta tana tsallako titi ba takalmi. Ba kuka take yi ba.

"Kawu, zo ka rufe masa ido. Na gwada, hannuna ya ƙi."

Ya je. Ya rufe. Fatar tana da sauran ɗumi. Ya tsaya yana jiran abin da ya kamata ya ji, abin bai zo ba. Abin da ya gani kawai shi ne maɓallin rigar na biyu ya kusa cirewa, zaren ya saki, kuma ya kama kansa yana tunanin akwai irinsa a gwangwani a shago. Kofin ruwa yana kan kujera, rabi. 'Yar hular ƙararrawar tana cikin bargo kusa da hannunsa. Tela ya ɗauka ya sa a aljihu, inda ambulan take.

Kafin tara gidan ya cika. Mata suka shige ciki, maza suka jeru a baranda da bakin titi, aka aro benci daga kanti. Aka ce ɗan ya taso, sai la'asar zai iso, za a jira shi. Kowa ya sami abin yi, wannan yana waya, wancan yana ɗebo ruwa. Mutane suna zuwa suna miƙa wa Tela hannu, "Allah ya jiƙansa, ya haƙuri," yana amsawa, yana jin muryarsa kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa. Matarsa ta kawo masa abin kari ta ajiye, ƙuda suka riga shi.

Agogon baranda ya nuna goma saura kwata. Tela ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi ya tsallaka shago ya ɗauko almakashinsa na yadi, ya zagaya lambu. Yau ba wanda ya ba shukokin ruwa. Ya sami jan wardi ɗaya da ya fara buɗewa, ya datse shi. Bai san inda ake ajiye takardar naɗi ba, ya soke shi haka nan a kwando. Ya ɗaura wa ƙararrawa hularta, ya ja zariyar, ya ƙulle sau biyu.

Da ya turo keken ta tsakiyar masu zaman makoki ba wanda ya tambaye shi. Suka janye ƙafafu suka ba shi hanya. Mai faci ya miƙe tsaye har ya wuce. Mai kanti ya cire hula. Yau ba a ce masa gidan wa ba, labari ya riga shi zagaya wannan ɓangaren. Titin jirgi ne dai labari bai tsallaka ba tukuna.

Tana kan bencinta, kwalba a gefe, kai a karkace. Tela ya shiga layin. Ƙis, ƙis, ƙis. Saura gida uku ya ji yatsan ya danna da kansa, ƙyallen ya haɗiye ƙarar. Ya ci gaba da tafiya. Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta ta rufe kai, ta tsaya tana jiransa a tsaye.

"Tela ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ba ka buga ba."

"A'a."

"Yaushe?"

"Da safen nan. Bakwai da 'yan mintoci."

Ta koma ta zauna a hankali. Ta yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, gajera. Sannan ta matsa gefe ta ba Tela wuri, ya jingina keken ya zauna. Wani kare ya wuce. Can nesa ana sarar itace.

Ya zaro ambulan ɗin ya sa mata a cinya. "Ya ce in kawo miki wannan. Taki ce tun lokacin yaƙi. Ya ce in gaya miki shi ya riƙe."

Ta shafa ta, ta bi gefunan, ta tsaya a kan hatimin. "Mai ruwan ƙasa ce?"

"Ita ce."

"Ashe bai yar ba."

Tela ya juyo ya dube ta.

"Ai na ga ƙafar ta sauka," ta ce. "Idona a lokacin garau yake, ina hango kaska a jikin saniya. Na ga ya ja birki, na ga ƙafar ta taɓa ƙasa, na ga ta koma. Kuma mijina bai san fure ba. Shi dai ya san akuya tana ci. Mutumin da zai aiko da saƙo, cewa zai yi a duba masa rufin ɗaki."

"Tun ranar kin sani."

"Tun ranar. Da aka gama yaƙi ma wani mai hannu ɗaya ya sauka a jirgi ya kawo mini agogon mijina, ya gaya mini inda aka binne shi. Agogon yana nan cikin akwatina."

"To me ya hana ki gaya masa, Inna?"

Ta riƙa lallaɓa ambulan ɗin da tafin hannu kamar mai guga. "Ranar dai na ga yaro ne, gumi yana zuba. Na ce bari in haihu, sai in ce masa ya ba ni abata. Na haihu, na ce bari yarinyar ta yi ƙwari. Ka san yadda kwana yake tafiya." Ta ɗan tsaya. "Daga baya kuma, in na karɓi takardar, me zai kawo shi Alhamis? Mutum ɗaya ne a garin nan yake tsallako titin jirgi saboda ni."

Tela ya ce, "Ya so ya ji abin da za ki ce. Ya ce ko zagi ne in kai masa yadda yake."

"Shi ya sa makon jiya na tambaye ka ko akwai wani saƙon. Na ji tana motsi a aljihunka da ka sunkuyo. Na ce ko ya gaji da ɗauka."

"Tana nan."

"Da ka miƙo, da na ba ka amsa."

"Me za ki ce?"

"In ce ya sauke, ba laifin da ya yi mini. Yarinyar lafiya ta zo, bayan kwana huɗu. Da takardar nan na buɗe a ranar, ban san yadda za ta zo ba, ko ni in kai. Ga ta can yanzu da jikokinta. In ce na gode." Ta juyo da fuska wajensa, idanun sun yi fari-fari. "Shi ke nan abin da zan ce. Ba shi da yawa."

Tela ya ƙirga a ransa ba da niyya ba. Kwana bakwai. Daga nan zuwa bakin gadon tafiyar minti ashirin ce, ko da turin keke. Kunya ce, ya san sunanta, ya san kuma za ta zo ta same shi ta zauna, amma yanzu tana can nesa, kamar ƙafar da ta yi sanyi aka taka ƙaya ba a ji ba tukuna. Ya maimaita maganar a zuci yadda ta faɗa, bai yi mata kalmasa ba. Ya rasa inda zai kai ta.

"In buɗe miki in karanta?"

"A'a. Na san abin da ke ciki. Ina furen?"

Ya tashi ya zaro shi daga kwando. Ta bi karan da yatsa har ƙasa, ta tsaya a wurin yankan.

"Da me ka yanka?"

"Almakashina."

"A miƙe ka datse. Shi a karkace yake yi, don ya sha ruwa. Haka nan kafin gobe ya sunkuyar da kai. Leƙa ciki, akwai wuƙa a kan tebur."

Ya kawo. Ta ɗora karan a bakin benci, ta laluba, ta yanke shi a karkace, sau ɗaya. Ta tsoma a kwalba. Ƙasan bencin ba daidai yake ba, kwalbar tana ɗan rawa, sai ta ɗaga ta ta shimfiɗa ambulan ɗin a ƙarƙashi ta mayar. Kwalbar ta zauna daram.

"La'asar za a kai shi," in ji Tela.

"To. Je ka, ana nemanka a can."

Ya kama ƙahon keken ya juya shi. Da ya kai bakin layi ya waiwaya. Tana nan yadda ya same ta, kai a karkace wajen titi, hannu ɗaya a kan gwiwa. Ruwan da ya zubo daga kwalbar ya yi zobe a kan takardar mai ruwan ƙasa, yana faɗaɗa a hankali. Tela ya ɗaga keken ya tsallaka titin jirgi da shi.